Ciwon Da Ba A Gani A Wurin Aiki

Sharhinmu na yau kan lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikaci ne.

Idan ma'aikaci ya karye a ƙafa, kowa zai yi masa sannu. Idan kuwa damuwa ce ke cinsa, sai a ce ragwanci ne. Ma'aikaciyar jinya ta kwana tsaye, gari ya waye a ce ta zarce. Malami ya shiga aji, albashi bai shigo ba, ga mai gidan haya a ƙofa. Irin wannan damuwa tana hana barci, tana jawo kuskure a bakin aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa da fargaba suna cinye ranakun aiki biliyan 12 duk shekara. A Nijeriya, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta hana nuna wa masu wannan larura bambanci.

To, shugabanni, ina mafita? Ku biya albashi a kan lokaci. Ku ba da hutu idan lokacinsa ya yi. Ku saurari ma'aikaci, kuma ku rufa masa asiri.

Kai kuma ɗan'uwa ma'aikaci, ganin likita ba hauka ba ne. Akwai ƙwararru a asibitocin ƙwaƙwalwa da ke Dawanau ta Kano da Barnawa ta Kaduna. Kada ka bari sai abin ya kwantar da kai.

Mu riƙa tambayar juna lafiya, mu tsaya mu ji amsa.