Mudun da Ke Cikin Kwamfuta



Duk wanda ya saba shiga shagunan intanet na Sabon Gari, ko wurin masu sayar da waya a Titin Beirut, ya sha jin kukan nan: "Data ta ƙare, ban ko taɓa ta ba." Lalle kamfani da nasa mudun yake awo. To, amma in namu mudun na algus ne, da wane baki za mu yi masa gardama?

Namu yana cikin wata 'yar manhaja da ake kira direba, watau wadda ke tsaye tsakanin na'urar sadarwa da uwar manhaja, tana ƙirga abin da ya shiga da wanda ya fita. Tsohon ma'auni mai gurbi 32 iyakarsa 4,294,967,295, daga nan sai ya koma sifiri ba sallama. A layi mai gudun gigabit ɗaya, daƙiƙa 34 ta ishe shi cika. Dalili ke nan da ya sa masu Linux suka kawo mai gurbi 64 a cikin jerin gyare-gyarensu na 2010.

Ɗaya matsalar kuwa, 'yan Kantin Kwari sun riga mu saninta. In yaran shago huɗu suna tarayya a littafi guda, ko dai su yi layi ciniki ya tsaya, ko biyu su rubuta tare lissafi ya rikice. Haka ƙwaƙwalen kwamfuta suke. Saboda haka aka ba kowace littafinta, ba a tara jimla sai maigida ya nema.