Asabar Da Lahadi, Da Tsoho Da Yaro

Ina yi muku barka da ƙoƙari, ku da kuka zauna bisa tabarma da girmanku, kuka koyi karatu da rubutu. Jawabina na yau a kan kwana biyu ne, Asabar da Lahadi, da yadda magidanci zai yi amfani da su. Kai mai karatu, in tsohonka yana da rai, ko tsohuwarka, kana kuma da yaro a gida, to, da kai na ke.

Ni akawu ne, ina kuma yin tafinta, a Kazaure na ke zaune. Ofis a kan rufe shi ran Jumma'a, ba a buɗewa sai Litinin, makarantar boko ma haka. Na san manomi da ɗan kasuwa ba da wannan su ke lissafin mako ba, su ranar kasuwa su ke dubawa. Amma ko wane ne kai, akwai ranar da hannunka ya ke sake. A da, in tawa ta zo, sai in fita ni kaɗai in yi saye-sayen gida, sauran yinin kuwa in ƙarasa shi a majalisa. Yaro yana can yana wasan ƙasa, tsoho yana can ƙauye, kowa da inda ya sa gaba.

Cikin watan Janairu na 1924 ba a haife ni ba, balle in ba ku labarinsa. Labarin da zan ba ku na Janairun 2024 ne, sa'ad da sanyi ya ke kan ganiyarsa. Mahaifina ya zo daga ƙauyenmu na ƙasar Gwiwa, ya yi sallar Jumma'a a Kazaure, ya sauka a gidana. Ina da ɗa mai shekara 8, sunan Baba aka sa masa, saboda haka mu ke kiransa Abba, shi kuwa Baba ya kan ce da shi Takwara. Da dare Baba ya ce, "Malam, ina da buƙatu, kwana biyu zan yi maka." Na ɗauko littafin aljihu da fensir, yana faɗa ina rubutawa: maganin hawan jini, aski, karɓo riga wurin tela. Sa'an nan ya sassauta murya ya ce, "Sa goro da sabulu na Gwaggonka. Farin goro, shi ta fi so." Na ɗaga kai na dube shi, gama shekara 6 ke nan ba su magana da ƙanwar tasa da ke aure a Roni, saboda gardamar wata tsamiya da ke kan iyakar gonakinsu na gado. Daga ƙarshe ya ce in rubuta Babura, yana da aboki can wanda ya daɗe bai gani ba.

Ga abu na fari da na ke so ka riƙe. In za ka fita da tsoho, rubuta buƙatun tun da dare. Tsoho ba ya son a yi ta komowa da shi baya saboda mantuwa, ƙafarsa ba taka ba ce. Ni kuwa sai na miƙa wa Abba littafin, na ce shi ne zai riƙa karanta mana, in mun gama abu ya ja masa layi. Nan da nan ya ga ya zama mutum.

Da hantsi ran Asabar muka fita. Muka fara da kantin magani, Baba ya miƙa takardar likita, mai kanti ya ɗauko kwali. Na juya kwalin na nuna wa Abba haruffa uku, EXP, da lambobin da ke gabansu, 09/2023. Ma'anarsu, ƙarfin maganin ya ƙare a wata na 9 na shekarar 2023, watau an kusa wata 4 da wucewarsa. Mai kanti ya ba da haƙuri, ya sake mana wani. Kai ma duba wannan wuri kullum, ka kuma duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin lura da abinci da magunguna. Baba ya jima yana juya kwalin a hannunsa, ya ce, "Ashe magani ma yana tsufa." Abba ya ce, "Kaka, kai ina aka rubuta naka?" Baba ya kai masa duka da hula, ya ce, "Ja'iri, sai na ga aurenka, in kuma ƙwace matar."

Wasan kaka da jika ke nan, kada ka tsawata wa yaro a kansa. Tsakanin uba da ɗa akwai kunya da kwarjini, abin da ɗanka ba zai iya tambayarka ba, da dariya zai tambayi kakansa. Ni kaina ran nan na ji abubuwa daga bakin Baba waɗanda shekara 40 da ɗoriya ban taɓa ji ba, don kuwa ban taɓa tambaya ba.

Daga wurin wanzami muka bi ta ƙofar fada. Abba ya ce, "Kaka, wa ya fara sarauta a nan?" Baba ya ce Ɗan Tunku, bayansa kuma ɗansa Dambo. Shekarun ne bai sani ba, sai na cika masa daga abin da na karanta: a wajen 1819 Ɗan Tunku ya kafa masarautar, daga ƙasar da ke tsakanin Kano da Katsina da Daura, ya rasu a 1824, Dambo ne ya mai da Kazaure mazaunin sarauta. Na ce musu babbar makarantar fasaha ta garin nan sunan Sarki Hussaini Adamu ta ci, mahaifin Sarki Najib wanda ya hau gado a 1998. Na kuma ce tun 1967 muna cikin Jihar Kano, sai ran 27 ga Agusta 1991 aka yanki Jigawa, aka sa hedkwatarta a Dutse. Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi su ne ƙasar Sarkin Kazaure, Babura kuwa tana ƙarƙashin Ringim. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Kai kana da kwanan wata, ni ina da abin da ido ya gani." Gaskiya ya faɗa. Littafi da tsoho kamar gari ne da ruwa, sai an haɗa su a ke samun tuwo.

Wurin tela muka tarar riga ba ta ƙare ba, aka ba mu benci muka zauna. Can Abba ya ga ina ƙirga kuɗi, ya tambayi kakansa ko da can ma naira a ke kashewa. Baba ya ce a'a, fam ne da sule da kwabo, yana saurayi aka canja. Ran 1 ga Janairu 1973 ne, fam 1 ya zama naira 2, sule 10 naira 1. Ya ce ba zai manta da shekarar ba, don a cikinta aka yi farin da ya kashe shanu, gero ya bushe a tsaye. Ya ce gyaɗa ita ce kuɗin harajinsu, a kan kai ta Kano a tara buhuna kamar duwatsu, har ciwo ya faɗa mata a 1975, ba ta sake komawa yadda ta ke ba. Ya ba da labarin yadda a kan tsare magidanci a rana saboda haraji, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Abba ya saki baki yana ji. Ni ma na karɓi littafin, na juya bayansa, na shiga rubutawa.

Da azahar muka koma gida. Wannan shi ne abu na biyu: tafiya da tsoho da yaro, a gwada ta da ƙarfin wanda ya fi rauni. Ka riƙe ruwa a gora, ka nemi inuwa, in rana ta take a huta. Yaro ya kan gaji da yunwa, tsoho ya kan gaji ya ƙi faɗa, don kada a ce ya zama kaya. Kai ne za ka lura.

Da la'asar sakaliya muka je bakin dam ɗin Ayuba shan iska. Masunta suna gyaran koma, yara suna iyo. Abba ya fara tuɓe riga, na hana shi. Baba ya ce, "Bar shi mana, mu ma haka muka tashi. In ya yi tsargiya ai alamar ya zama namiji ce." Na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, a nan kam likitoci sun gano abin da mutanen da ba su gano ba." Tsargiya ciwo ce. Wata 'yar tsutsa ce wadda ido ba ya gani, tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ke kwance, ta huda fatar mai wanka ta shiga jini, daga baya yaro ya riƙa fitsari da jini. Akwai maganinta a asibiti, in kuwa aka ƙyale ta, ta kan ɓata mafitsara. Baba ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Takwara, mai da rigarka." Ka ga, yadda yaro ya ke koyo wurin tsoho, haka tsoho ya ke koyo, in an faɗa masa da ladabi.

Ran Lahadi da sassafe na ari motar wani abokin aikina, muka yi yamma zuwa Roni. Tun da muka hango duwatsun garin Baba bai ƙara cewa uffan ba. Muka yi sallama, Gwaggo ta fito, ta gaishe ni da fara'a, ta dubi Baba ta ce, "Sannu da zuwa," ta kau da kai. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, kowa ya yi jugum. Ina ta neman ta inda zan ɓullo wa maganar, sai Abba ya buɗe littafi ya karanta da ƙarfi, "Goro da sabulu na Gwaggo." Ya ajiye ƙunshin a gabanta ya ce, "Kaka ne ya ce a saya miki. Ya ce farin goro kika fi so." Gwaggo ta kwance ƙunshin, ta daɗe tana duban goron. Ta jawo yaron ta ce, "Zo nan, mijina, rabona da kai tun kana goye." Sa'an nan ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Yaya, ashe ba ka manta ba." Baba ya ce, "Tsamiya taki ce. Tun ran nan ma taki ce, zuciya ce ta hana ni faɗa." Abin da manya suka kasa shekara 6, yaro ya gama shi da layi ɗaya na karatu. Zumunta a ƙafa ta ke, in ji mutanen da, amma ran nan ƙafar ta tafi da fensir.

Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Gwaggo ta haɗa mu da babban ɗanta, muka wuce ƙauyenmu na ƙasar Gwiwa, muka kira mai unguwa da maƙwabtan gona biyu. Baba ya kama hannun Abba, suka bi iyakar da ƙafa, daga kuka zuwa jerin gamba, daga gamba zuwa gawo uku, daga nan zuwa tsamiya. Ya nuna masa gawo ya ce kada ya yarda a sare shi, gama shi da damina ya ke zub da ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su sha inuwarsa su bar taki. Na rubuta iyakar duka a takarda biyu, da kwanan wata da sunayen shaidu, na karanta kowa ya ji, aka sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. Ɗaya tana wurin Gwaggo, ɗaya tana wurina. Kai ma yi haka tun masu sanin iyaka suna da rai. Itace ya kan faɗi, gamba ta kan ƙone, shaida ya kan mutu, takarda kuwa in an adana ta, jikoki za su karanta.

Da za mu yi sallama Abba ya duba littafi ya ce, "Saura Babura." Rana ta yi sanyi, Babura kuwa tana can gabas, kusa da iyakar Nijar. Baba ya ce tare da abokin nan nasa suka yi fataucin kanwa da jakuna suna samari, sun ci daga ƙwarya ɗaya, sun kwana bisa buhu ɗaya. Na ce, "Baba, sai wani mako." Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Barin tafiyar a ran nan daidai ne, tsoho ya gaji. Kuskurena shi ne ban sa rana ba. Wani mako ya zo aka yi biki, wani ya zo na ce mai ya yi tsada, azumi ya shigo, damina ta faɗi. Ana cikin noman fari aka aiko cewa abokin Baba ya rasu. Muka je Babura ta'aziyya, Baba ya zauna a zauren da ya so ya zauna da mai shi. A hanyar komowa abin da ya ce kaɗai shi ne, "Da ma mun zo da sanyin nan." Bai ƙara ba, ni ma ban sami abin cewa ba. Har yau layin nan yana cikin littafin, Abba ya ƙi ja masa layi, ya ce ai ba mu gaishe shi ba.

To, ɗan'uwa, ga abin da na roƙe ka. Ranar hutunka mai zuwa, kada ka fita kai kaɗai. Ɗauki yaronka, mace ko namiji, ka ɗauki tsohonka ko tsohuwarka, ko da kasuwa ce kurum za ku ku komo. Ba sai da mota ba, ba sai da kuɗi mai yawa ba. Rubuta buƙatun, ka ba yaro ya karanta. Bar su su yi wasansu, kai ka kasa kunne, abin da tsoho ya faɗa na sunayen kakanni da iyakar gona da shekarun yunwa da na ƙoshi, ka sa shi a takarda a daren nan. Abin da kuka kasa yi kuwa, ka sa masa rana, ka rubuta ta, ka cika.

Iyakar jawabina ke nan. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya shirya mana zuriya. Amin.