Haƙƙin Maƙwabci a Zaman Birni



Mu mazauna Kaduna mun san labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin 1992 Fasto ya rasa hannunsa, Imam kuwa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Duk da haka, a 1995 suka haɗa kai suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai.

Abin da ake nema gare mu bai kai nasu nauyi ba. In ƙungiyarmu ta tashi rabon hatsin azumi da naman layya, kada mu tsallake ƙofar maƙwabci don shi Kirista ne, domin Musulunci bai cire shi daga haƙƙin maƙwabtaka ba. Ranar da gari ya rikice, shi ne kusa da iyalinmu, ba danginmu na gida ba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.