Karatu Kyauta, Aikin Wucin Gadi da Ƙuri'ar Kora: Ra'ayin Jama'ar Sloveniya



Sloveniya ƙaramar ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan biyu da dubu ɗari, tana tsakanin Italiya da Ostiriya da Hangari da Kuroshiya. Ta ɓalle daga Yugoslabiya a 1991, ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta fara amfani da kuɗin yuro a 2007. Ba a lalube a duhu wajen sanin ra'ayin mutanenta, domin tun 1968 masana a Jami'ar Lubliyana, bisa jagorancin Niko Toš, suka soma binciken ra'ayin jama'a, kuma ba a daina ba. Abin da ya daɗe yana fitowa daga irin wannan bincike shi ne, jam'iyyun siyasa suna can ƙasa a jerin abubuwan da jama'a suka amince da su, makaranta kuwa ta yi musu fintinkau. Abin da nake son tabbatarwa a yau shi ne, wannan rashin yarda ya samo asali ne daga ratar da ke tsakanin abin da makaranta ta yi wa matashi alkawari da abin da ya tarar a kasuwar aiki.

Mu fara da makarantar. Ɗalibin da ke karatu na cikakken lokaci a jami'ar gwamnati, a Lubliyana ko Maribor ko Koper, ba ya biyan kuɗin karatu a digiri na farko da na biyu. Idan yunwa ta kama shi, sai ya shiga gidan abinci ya nuna wayarsa, gwamnati ta biya wani kaso na kuɗin abincin, shi ya cika ragowar. Idan yana neman na kashewa, akwai ofisoshin da ke haɗa ɗalibai da masu neman ma'aikata: ya karɓi takarda, ya yi aikin sa'o'i a kanti ko otal, a biya shi. Tsari ne mai kyau, kuma ina ganin ƙasa ta cancanci yabo a kansa. Sai dai a nan gizo ke saƙa. Mai kamfani ya gane cewa ɗaukar ɗalibi ya fi masa sauƙi a kan ɗaukar ma'aikaci na dindindin, har ya zama ranar da yaro ya kammala karatu ita ce ranar da ya rasa abin da ke sa a ɗauke shi. Shi ya sa wasu ke jan ƙafa kada su gama. A 2010 gwamnatin Borut Pahor ta kawo dokar taƙaita wannan aiki, ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago suka kai ta ƙuri'ar raba gardama a 2011, kusan kashi 80 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka yi watsi da ita. Sun san tsarin na da illa, amma ba su yarda waɗanda ke mulki za su musanya shi da abin da ya fi shi ba. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin ta faɗi.

Wani zai ce, ai rashin aikin yi kaɗan ne a Sloveniya, har ma'aikata ake kawowa daga Bosniya da Sabiya, to kukan na mene ne? Gaskiya ne aiki na samuwa. Amma a tambayi wane iri. Ƙasar ta daɗe cikin na gaba-gaba a Turai wajen ɗaukar matasa bisa kwantiragin wucin gadi. Mai irin wannan takarda da wuya banki ya ba shi rancen sayen gida, hayar Lubliyana kuma ta yi tsada, don haka mai digiri biyu yana iya haura shekara talatin a ɗakinsa na gidan iyaye. Ga kan iyaka a buɗe. Dubban mutane daga yankin Maribor suna sammako su tsallaka Ostiriya aiki, su dawo da yamma, likitoci da injiniyoyi kuma wasu sun tare a Jamus. Mutumin da ke ganin albashin maƙwabci da idonsa kullum, alƙaluman gwamnati ba sa kwantar masa da hankali.

Fushin ya fito fili a Maribor a ƙarshen 2012, kan kwangilar na'urorin kama masu gudun wuce sa'a. Jama'a suka cika titi har magajin gari Franc Kangler ya sauka, zanga-zangar ta bazu, kuma bayan rahoton hukumar yaƙi da cin hanci gwamnatin Janez Janša ta faɗi a farkon 2013. A akwatin zaɓe kuwa al'adar ta zama neman sabuwar fuska. Zoran Janković ya zo na ɗaya a 2011 da jam'iyya 'yar makonni. Miro Cerar, farfesan shari'a, ya yi haka a 2014. Marjan Šarec ya zama firaminista a 2018. A 2022 jam'iyyar Robert Golob ta lashe kujeru 41 cikin 90. Jam'iyyun ukun farko duk sun ɓace daga majalisa cikin 'yan shekaru.

Akwai masu cewa wannan duk ƙin Janša ne kawai, masu adawa da shi suna taruwa bayan duk wanda zai iya kayar da shi. Maganar na da ƙamshin gaskiya, amma ba ta bayyana dalilin da ya sa ake jefar da wanda aka zaɓa jiya ba. Da ya gyara batun gida da aiki da layin asibiti, da an riƙe shi. Wasu kuma na cewa jama'ar sun gaji da siyasa ne. Wanda ya gaji ba ya hawa keke kowace Juma'a tun daga 2020 har kusan shekara biyu yana zagaya majalisa, kamar yadda masu zanga-zanga suka yi. A 2021 fiye da kashi 85 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun soke gyaran dokar ruwa, a 2022 kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari suka fita zaɓe.

Ba zan ɓoye cewa wannan hali na da tsada ba. Jam'iyyar da aka kafa gab da zaɓe ba ta da ƙwararrun da za su ɗauki gyaran da ke cin shekara goma, irin na fansho ko na gidaje, kuma su ne gyare-gyaren da matasan ke jira. Duk da haka, laifin bai kamata ya hau kan mai ƙuri'a ba. Ƙasa ta ilimantar da shi da kuɗin harajin iyayensa, ya iya karanta kasafi da kwangila, kuma yana da haƙƙin korar wanda bai cika alkawari ba. Nauyin yana kan jam'iyyun, su kawo aiki mai ɗorewa da gidan da albashi zai iya biya.