Sulusi Biyu Na Jihohi: Gyaran Hanyar Zaɓen Shugaban Nijeriya



Abin da zan yi magana a kai shi ne ƙoƙarin da aka yi na sake hanyar zaɓen shugaban ƙasar nan, da yadda lissafi ya kusa dagula shi.

A Jamhuriya ta Farko, talaka ba ya zaɓen shugaban gwamnati da hannunsa. Wakili yake zaɓa, jam'iyyar da ta rinjaya a majalisa kuwa ita ke fid da Firayim Minista. Manyan jam'iyyun nan uku, watau NPC da NCNC da AG, kowace tana da yankin da ta dogara a kansa. Ba sai na tuna muku inda wannan ya kai mu a 1966 ba.

To, a 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin tsara tsarin mulki a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Dabarar da aka fito da ita a ƙarshe ita ce: bai isa ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a ba, sai ya sami rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a aƙalla sulusi biyu na jihohi. Manufar a fili take. Wanda ke son mulkin Nijeriya tilas ya je roƙon ƙuri'a inda ba a jin harshensa. A ganina wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ƙasar Kenya ma ta ɗauki irinta a 1992.

Amma jihohi 19 ne a lokacin, 19 kuwa ba ta rabuwa uku. A zaɓen 11 ga Agusta, 1979, Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami ƙuri'a 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo na UPN ya sami 4,916,651. Shagari ya cika rubu'i a jihohi 12, amma a Jihar Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, kashi 19.94 cikin ɗari kaɗai ya samu. Shin sulusi biyu na 19, jihohi 13 ne, ko kuwa 12 da sulusi biyu? Lauya Richard Akinjide ya ce na biyun ne. Watau a jiha ta 13 abin da ake bukata rubu'in sulusi biyu ne, shi ne sudusi, Shagari kuwa ya zarce haka a Kano. Ɗaliban lissafi da ke nan za su ce daidai ne. Sai dai jiha ba waina ba ce da za a gutsura. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta karɓi wannan fassara, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ita ran 26 ga Satumba, 1979, Mai Shari'a Kayode Eso kaɗai ya ce a soke.

Da aka kai jihohi 36 a 1996, sulusi biyu ya zama 24 cif, aka ɗauka an huta. Ashe da saura. Tsarin mulkin 1999 ya ambaci jihohi, sa'an nan ya ƙara da Birnin Tarayya, Abuja. A zaɓen 2023 Bola Tinubu bai cika rubu'i a Abuja ba, sai masu ƙara suka ce kalmar "da" ta wajabta cika shi a can. A watan Oktoba na shekarar Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓensa, aka tsaya a kan cewa Abuja ana lissafa ta ne tamkar jiha ta 37.