Aikatau na Turanci da Abokan Tafiyarsa: Jawabi ga Jama'a



Kowa ya san matsayin Turanci a ƙasar nan. Da shi ake cika takardun neman aiki, da shi ake rubuta yarjejeniyar bashi da wasiƙun ofis. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 55, ya ce da Turanci za a gudanar da ayyukan Majalisar Ƙasa, sa'an nan da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya kamata. Saboda haka duk wanda zai yi hulɗa da hukuma, lalle ne ya san inda harshen nan yake ka da mutane. Ba manyan kalmomi ne suke ka da su ba. Ƙananan aikatau ne na yau da kullum, irin su "make" da "take" da "pay" da "look", waɗanda ma'anarsu takan sauya bisa ga kalmar da ta bi bayansu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Ku dubi kalmar ci. Mukan ce ya ci tuwo, ya ci amana, ya ci bashi, ya ci gaba, ya ci jarrabawa. Baƙon da ya san ci guda ɗaya tak, watau na tuwo, ba zai gane sauran ba. To, haka Turanci yake. Aikatau ba ya tafiya shi kaɗai, kuma abokan tafiyarsa iri uku ne.

Na farko su ne kalmomin mallaka, watau "my", "your", "his", "her", "our" da "their". Bahaushe yakan ce ya wanke hannu, ba sai ya faɗi hannun wa ba. Bature kuwa tilas ya ce "he washed his hands". Haka nan kuma wanda ya sake shawara, "he changed his mind". Wanda ya cika alkawari, "he kept his word". Wanda ya fusata, "he lost his temper". In an cire kalmar mallakar, maganar ta gurgunce. Abin lura a nan shi ne, kalmar mallakar tana bin mai aikin ne. In mace ce, sai a ce "she changed her mind". In aka ce "she changed his mind", to, zancen ya zama wani daban, watau ita ce ta sa shi ya sake shawara. Kazalika in ma'aikaci ya ce muku "take your time", ba lokacinku ya ce ku ɗauka ku tafi ba. Nufinsa ku yi a hankali, babu gaggawa.

Na biyu su ne sunaye. Kalmarmu ta yi ta rabu biyu a Turanci, "make" da "do", kuma kowace da sunayen da take ɗauka. Akan ce "make a mistake" da "make a complaint", amma "do business" da "do your duty". Babu wata doka da za ta raba muku su sarai, sai dai sabo. Haka kalmar sha take. Mu mukan sha ruwa, mu sha magani, mu sha taba. Su kuwa "drink water" suke cewa, da "take medicine", da "smoke a cigarette". Kalmar "pay" ma ba biyan kuɗi kaɗai take nufi ba: "pay a visit" kai ziyara ne, "pay attention" mai da hankali ne.

A nan ne ya kamata mu tsaya kan zancen bashi, domin shi ne yake kai mutane gaban alƙali. Wanda ya ba da rance shi ne zai rubuta "I lent him the money". Wanda ya karɓa kuwa, "I borrowed the money from him". Maganar nan da ake yawan ji a kasuwa, "borrow me", ba ta da gurbi a takarda. Duk wanda ya musanya kalmomin nan biyu, ya kuma sa hannu, ya mai da kansa mai cin bashi alhali kuwa shi ne mai binsa.

Na uku su ne 'yan ƙananan kalmomin nan irin su "at", "for", "to", "with", "after" da "into". Ƙanana ne a ido, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. "Look at" duba ne, "look for" nema, "look after" kula da mutum ko kaya, "look into" kuwa bincike. Idan ofis ya amsa muku da cewa "we shall look into the matter", alkawarin bincike aka yi muku, ba a riga an yanke hukunci ba. Mai neman aiki zai rubuta "I apply to the Ministry for the post", watau "to" ga wurin da ake nema, "for" ga abin da ake nema. Wanda aka ce "he was charged for it", kuɗi aka nema a hannunsa; wanda aka ce "he was charged with it", laifi ake tuhumarsa da shi. Taron da aka yi wa "put off" an ɗaga shi zuwa wata rana, wanda aka yi wa "call off" kuwa an soke shi ɗungum. Daɗin daɗawa, akwai aikatau da ba su son rakiya ko kaɗan. "Discuss the matter" ake cewa, ba "discuss about" ba.

Wani lokaci ma abokan tafiyar sukan haɗu a jimla ɗaya, alal misali "make up your mind", watau ka tsai da shawara, ko "take care of", ko kuwa "keep an eye on", wanda ya yi daidai da namu sa ido.

To, mene ne abin yi? Da fari, kada ku haddace aikatau tsurarsa. Ku tanadi ɗan littafi, duk sa'ad da kuka ci karo da aikatau a jarida ko wasiƙa, ku rubuta shi tare da abokan tafiyarsa a cikin cikakkiyar jimla. Na biyu, ku nemi ƙamus da aka yi domin mai koyo, irin na A. S. Hornby wanda maɗaba'ar Oxford ta fara bugawa a 1948, domin yana nuna kalma a cikin jimla. Malaman makaranta su koya wa yara haka tun daga firamare.

Daga ƙarshe, kada kowa ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba. Ya nemi wanda ya amince da shi ya karanta masa dalla-dalla. Wanda ake tuhuma da laifi kuma ya sani cewa sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba shi 'yancin samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Tambaya ba abin kunya ba ce, matambayi ba ya ɓata.