Lacca a Kan Kwal da Tashar Gagarawa



Ƙasar Gumel ba ta da ramin kwal ko ɗaya. Amma duk da haka kwal ya yi mata aiki shekara da shekaru, talakawa kuwa ba su san inda ya ke fitowa ba.

Shi kwal baƙin dutse ne mai cin wuta kamar gawayi. A 1909 wani Bature mai binciken ma'adinai, Albert Kitson, ya same shi a duwatsun Udi, cikin ƙasar Ibo. A 1915 aka soma haƙa, a 1916 aka ja hanyar jirgi daga can zuwa Fatakwal. Garin Inugu a bakin ramukan nan ya tashi. Da fari da yawa cikin leburori tilas aka kawo su, ta hannun sarakunan da Turawa suka naɗa.

To, a 1930 dogo ya kai Nguru daga Kano, ya ratsa ta Gagarawa. Gyaɗar da aka noma a Sule Tankarkar da Maigatari, raƙuma da jakuna suka kawo tasha, da wutar kwal ɗin nan jirgi ya ja ta zuwa Kano. Da kuɗinta talaka ya biya haraji, da harajin Baitulmali ya biya albashi. Watau duk ma'aikacin da ya karɓi albashi a zamanin nan, akwai gumin mai haƙan Inugu a ciki.

Ran 18 ga Nuwamba, 1949, masu haƙa a Iva Valley suna jayayya da Gwamnati a kan lada, sai 'yan sanda suka buɗe musu wuta, mutum 21 suka mutu. Ƙasa duka ta girgiza, aka naɗa kwamitin Fitzgerald ya bincika. Bayan haka jiragen gas suka maye na kwal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya durƙusar da ramukan.

Abin lura ga mai riƙe da amanar jama'a shi ne, kukan lebura idan an saurare shi da wuri a ofis ya ke ƙarewa, idan an toshe kunne kuwa sai ya kai ga jini. Allah ya sa a yi adalci, amin.